'Yar Wasa, Kada Ki Rage Nauyi da Yunwa

Ya ke 'yar'uwa mai wasan kokawa, judo, ɗaga ƙarfe ko tsere, mun san yakan zama dole a rage nauyi kafin gasa, domin wasu wasannin aji-aji suke bisa kilo. Ba mu ce kada ki rage ba. Ra'ayinmu shi ne, duk ragin da aka yi da yunwa da ƙishirwa asara ce, ko da sikeli ya nuna an ci riba.

A gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024, an cire 'yar kokawar Indiya Vinesh Phogat a ranar wasan ƙarshe saboda ta haura kilo 50 da giram 100 kacal. Ta kwana tana ƙoƙarin zubar da nauyi, daga bisani sai da likitoci suka kula da ita saboda ƙarancin ruwa a jiki. In haka ta faru da wadda ke da likitoci a gefenta, ina ga ke da ke bin shawarar ƙawaye?

Sikeli bai san kitse daga tsoka ba. Idan kika daina cin abinci, ruwa da tsoka ne ke fara tafiya, kuma tsokar ita ce jarinki. A 2011 masu bincike a ƙasar Norway sun raba 'yan wasa gida biyu, wasu na rage nauyi a hankali, wasu da sauri, dukkansu suna ɗaga ƙarfe. Masu tafiya a hankali kitsensu ya ragu, tsokarsu ta ƙaru. Masu sauri ba su samu wannan ƙarin ba. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya dace shi ne rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin 100 na nauyinki a mako. Mai kilo 60 ke nan kada ta wuce giram 300 zuwa 600. Saboda haka ki fara tun saura wata biyu ko uku, ba ana gobe awo ba.

Haɗarin ya fi tsanani ga mace. Tun 1992 likitocin wasanni a Amurka suka lura da abubuwa uku da ke tafiya tare: ƙarancin abinci, ɗaukewar jinin al'ada, da raunin ƙashi. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin, ya nuna cewa matsalar tana taɓa garkuwar jiki, zuciya da hanji ma. Dalili kuwa, idan abincin da ya rage bayan atisaye bai ishi jiki ba, sai jikin ya fara tsimi. Yakan rage sinadarin da ke kawo al'ada, kuma sinadarin nan shi ne ke tsare ƙashi. Mafi yawan ƙarfin ƙashin mace yana ginuwa ne kafin ta kai shekara 20, abin da ya kuɓuce a lokacin ba lalle ya dawo duka ba. Kada wani ya ce miki ɗaukewar al'ada alama ce ta ƙwazo. Ƙararrawa ce. Idan ta yi wata 3 ba ta zo ba, ki ga likita.

To, me za ki ci? Na farko, abinci mai gina jiki. Mai rage nauyi tana buƙatar furotin giram 1.6 zuwa 2.4 ga kowane kilo na jikinta a rana, wato aƙalla giram 96 ga mai kilo 60. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kofin dafaffen wake kamar 15, kofin nono kamar 8, giram 100 na dafaffiyar tsokar kaza kamar 30. Awara, alala, kifi da ƙuli-ƙuli duk suna cikin lissafi. Ki raba shi sau uku ko huɗu a yini, kada ki tara shi da dare.

Na biyu, kada ki ƙaurace wa tuwo, shinkafa, dankali da fura, su ne man da tsoka ke ƙonawa. Ki ci su kafin atisaye da bayansa, ki rage kaɗan a ranar hutu. Inda za ki yi ragi shi ne lemon kwalba, sukarin shayi da soye-soye.

Na uku, ki kula da jini da ƙashi. Mai al'ada tana asarar sinadarin ayon duk wata, ƙarancinsa kuwa yana kawo haki da saurin gajiya. Hanta, jan nama, wake da ganye irin su alayyafo da zogale suna taimakawa, musamman idan kika haɗa da lemo ko gwaiba. Shayi yana hana jiki tsotsar ayon, don haka ki ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci. Nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna ba da kalsiyam.

Ki guji shayin rage ƙiba, maganin gudawa, maganin sa fitsari, da gudu cikin rigar leda. Ruwa suke cirewa, ba kitse ba. Maganin sa fitsari ma yana cikin jerin abubuwan da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta, yana iya sa a dakatar da ke.

Wata za ta ce, koci ne ya matsa, in ban sauka ajin ƙasa ba zan rasa gurbi. Gaskiya ne, matsin yana nan. Amma wadda ta shiga fili jiri na ɗibarta ba ta da ƙarfin kayar da kowa, kuma tsagewar ƙashi kan zaunar da mutum makonni ko watanni. Wani lokaci hawa aji na gaba shi ne dabara. Ku masu horarwa da iyaye, kada garin gyaran gira a rasa ido. Yarinyar da ba ta gama girma ba, bai kamata a sa ta rage nauyi ba sai da sanin likita.

Kafin ki fara, ki je wurin masanin abinci, a auna jininki, a tsara miki abin da ya dace da aljihunki. Idan ƙarfinki yana nan, barcinki daidai, al'adarki na zuwa kan lokaci, to kina kan hanya. In ɗaya ya sauya, ki ƙara abinci.