Kiranyen Kayan Lantarki: Wasiƙar Da Ba Ta Isowa Sabon Gari

A daren 14 ga watan Yuni na shekarar 2017, cikin watan Ramalana, wuta ta tashi a wani dogon bene mai hawa 24 da ake kira Grenfell a birnin Landan. Mutum 72 ne suka rasa rayukansu a sanadiyyar wannan gobara, cikinsu har da Musulmi da dama. Bincike ya tabbatar da cewa mafarin wutar wani firiji ne a ɗakin girkin wani gida da ke hawa na huɗu, sannan abin da aka lulluɓe bangon benen da shi ta waje ya ɗauke ta ya kai sama. Wato firiji, abin nan da ake zuba wa ruwa don ya yi sanyi, wanda ba ya ko shiga lissafin mai gida in ana zancen haɗari.

Shi wancan samfurin ba a yi masa kiranye ba, domin masu bincike sun ce ba su ga wani aibi da ya game dukkan irinsa ba. Amma akwai waɗanda aka yi wa, kuma su ne abin magana a nan.

Kiranye shi ne kamfani ya fito ya amsa cewa kayan da ya ƙera ya sayar suna da illar da za ta iya ƙona gida ko ta halaka mutum, ya nemi a daina aiki da su, sannan ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. A shekarar 2011 'yan kwana-kwanan Landan suka yi shela a kan firiji kusan 500,000 na kamfanin Beko, waɗanda aka ƙera tsakanin Janairun 2000 da Oktoban 2006. Illar ita ce ruwa yana iya shiga wata 'yar na'ura da ke tsara lokacin narkar da ƙanƙara, sai ta yi zafi ta kama da wuta. A Nuwamban 2016 Samsung ya yi kiranyen injin wanki miliyan 2.8 a Amurka, saboda murfinsa na iya ɓallewa ya yi tsalle alhali yana cikin juyi, har an sami wanda ya karye a muƙamuƙi.

Kada ɗan uwa ya ɗauka cewa waɗannan kamfanoni tausayi ne ke sa su fitowa. Labarin Whirlpool ya isa misali. Tun a Nuwamban 2015 kamfanin ya amsa cewa miliyoyin injinan busar da tufafi masu sunan Hotpoint da Indesit da Creda suna tara burbushin zare, burbushin ya taɓa ƙarfen da ke ba da zafi, wuta ta tashi. To me ya ce wa jama'a? Wai su ci gaba da aiki da su, muddin dai ba za su bar su su kaɗai ba! A Agustan 2016 ɗaya daga cikin injinan ya tayar da gobara a wani bene mai hawa 18 a unguwar Shepherd's Bush ta Landan. Sai a Fabrairun 2017 kamfanin ya ce a zare fulogi, kuma sai a Yulin 2019, bayan gwamnatin Birtaniya ta matsa masa lamba, ya yi cikakken kiranye. Kusan shekara huɗu ke nan ana jan ƙafa, a ƙasar da ke da kotu da 'yan jarida da majalisa a kan kamfanin. Shi kuwa Gree na ƙasar Sin, da ya ɓoye wa hukumar Amurka cewa injinansa na tsotse danshin ɗaki suna kamawa da wuta, sai da ya amince da biyan dala miliyan 91 a 2021.

To ina ruwan matashin da ke Fage ko Tudun Wada da injin busar da tufafi, alhali ga rana kyauta? Ruwansa yana cikin yadda kiranye yake tafiya. Kamfani yana aika wasiƙa ne ga wanda ya sayi kaya sabo ya kuma yi rajistar sunansa da adireshinsa. Da zarar wannan mutum ya gaji da firijinsa ya fitar da shi, zare ya tsinke. Firijin ya shiga kwantena, ya sauka a Legas ko Kwatano, ya bi ta Alaba, ya hau tirela ya iso Sabon Gari a Kano, a wanke shi tas a kira shi ɗan Beljiyam, har a yi rantsuwa cewa ya fi sabo ƙarko. Kwantena ba ta tambayar lambar kaya, dillali ma haka. Kuma da yake ƙarfin wutar Nijeriya da irin fuloginta iri ɗaya ne da na Ingila, kayan can ba sa buƙatar a canza musu komai, sai dai a soka a soket kawai.

Alal haƙiƙa haɗarin ya fi tsanani a nan. A can firiji yana ɗakin girki, da ƙararrawar hayaƙi a saman rufi. A nan sau da yawa yana cikin ɗakin da ake kwana ne, dab da ƙofa, ga labule, ga katifar soso, ga taga an datse ta da ƙarfe saboda ɓarayi. Dutsen guga da hita ana zare su in an gama, amma firiji shi ne abin da ba a kashewa, yana jone lokacin da wuta za ta dawo da ƙarfi cikin talatainin dare, kowa na barci. Jikinsa kuwa cike yake da wani irin soso mai riƙe sanyi wanda ke ci da wuta ƙwarai, shi ya sa 'yan kwana-kwanan Landan suka daɗe suna kiran a daina yin firiji mai bayan roba, a koma na ƙarfe. Mai zuwa saye ya kamata ya zagaya ya ƙwanƙwasa bayan, ya san da me aka yi shi.

Abin mamaki, binciken bai kai wahalar neman sakamakon ƙwallo a waya ba. Kowane firiji yana da 'yar takarda manne a jikinsa, galibi ta ciki a gefen bango kusa da aljihun kayan miya, ko ta baya. A injin wanki kuma tana bakin ƙofa ko a bayansa. A kanta akwai lambar samfuri da lambar shi kansa kayan, kuma duka biyun ake buƙata, domin kiranye yakan shafi waɗanda aka ƙera a wasu shekaru ne kawai. Sai ɗan uwa ya ɗauki hotonta, ya shiga intanet ya rubuta sunan kamfanin da lambar samfurin, ya ƙara kalmar Turanci "recall". Gwamnatin Birtaniya tana da jerin kayan da aka janye, Tarayyar Turai tana da nata mai suna Safety Gate, Amurka kuma tana da hukumar CPSC tun 1972. Duk kyauta ne. Wanda aka kankare masa wannan takarda, ko ta goge ba ta karantuwa, barinsa a shago ya fi.

Wannan aiki na matasa ne, ba na kowa ba. Tsohuwar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo don ta ciyar da marayu ba za ta iya shi ba. Uban da ya ci bashi ya haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki bai san akwai shi ba. Amma saurayin da ke riƙe da waya dare da rana yana iya duba na gidansu da na maƙwabta cikin yammaci guda. In kuwa sabon kaya aka saya, a sa mai shago ya rubuta lambobin a rasit, a cike katin garanti, a adana.

Idan aka tarar kayan yana cikin jerin, abu na farko a zare fulogi, kada a ce bari a ƙarasa wannan zafin tukuna. Sannan a nemi wakilin kamfanin in yana da shi a ƙasar, a kuma koma wa wanda ya sayar. A nan ne jarrabawa take, domin zuciya za ta raya wa mutum ya kai shi gwanjo ya rage asara. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan aibin haja: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuma yana da haƙƙin mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu. In hakan ya shafi doki mai ɗingishi, ina ga abin da zai cinye gida da mutanen cikinsa? Bayar da shi sadaka ma ba mafita ba ce. Ita kanta Amurka tun 2008 ta haramta sayar da kayan da aka yi wa kiranye, ko da na hannu ne. In gyara na gaskiya bai samu ba, a yanke masa waya a sayar wa 'yan jari-bola a matsayin ƙarfe.

Su kuma mahukunta, Gana ta hana shigo da firiji na hannu tun farkon 2013, ko da yake dalilinta shan wuta ne da gurɓata muhalli. A Nijeriya akwai hukumar SON mai kula da ingancin kaya, akwai kuma FCCPC, wadda dokar 2018 da ta kafa ta ta wajabta wa mai ƙera kaya ko mai rarraba su ya sanar da jama'a ya kuma janye su da zarar ya gano haɗari. Doka ta yi kyau a takarda. Amma sanarwar da aka liƙa da Turanci a intanet ba ta isa kunnen mai sayar da ƙanƙara. A karanta ta a rediyo da Hausa, da sunan kamfani da lambar samfuri, a kuma kai kwafinta ofishin shugabannin 'yan kayan lantarki na kowace kasuwa.