Damargu: matasa na koyon gina shafukan intanet, amma rajistar wa za su ɗora a kai?

Tun daga watan Maris na 2025 da kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijar, zancen intanet ya sake tasowa a garuruwan da ke nesa da Yamai. A Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji da ke arewacin jahar Damagaram, tambayar da aka daɗe ana yi ita ce yaushe layi zai daina yankewa. Yanzu wata ta biyo baya: in layin ya samu, me za a yi da shi banda WhatsApp da TikTok? Amsar wasu matasa ƴan makaranta ita ce su koyi gina shafukan intanet masu rumbun bayanai, kuma da dama cikinsu littafi ne malaminsu.

Littafin da ya fi suna a ƙasashe masu amfani da Faransanci shi ne na Mathieu Nebra, "Concevez votre site web avec PHP et MySQL". Marubucin shi ne ya buɗe Site du Zéro a 1999, wanda ya koma OpenClassrooms a 2013. Abin da ya sa littafin ya karɓu a wuri irin namu shi ne ba ya buƙatar layi kullum. Mai koyo zai saka manhaja irin XAMPP a tsohuwar kwamfutarsa, ta zama kamar uwar garke a ɗakinsa, ya yi ta gwaji har batir ya ƙare. Sai dai a kula da tsofaffin kwafin da ke yawo daga waya zuwa waya: wasu na koyar da hanyar haɗa PHP da MySQL da aka cire tun fitowar PHP 7 a 2015.

Ga wanda bai san harkar ba, bambancin mai sauƙi ne. Shafi na kawai kamar allon shago yake, abin da aka rubuta shi kowa zai gani. Shafi mai rumbun bayanai kuwa kamar mai shago ne da kayensa: ka tambaya, ya duba, ya ba ka amsar da ta shafe ka. Duk wanda ya taɓa aika kuɗi daga Tanut zuwa Agadez ta NITA ko Amana ya yi hulɗa da irinsa. Sunan da ma'aikacin ya shigar, da lambar waya, da yawan jikar, layi ɗaya ne a cikin wani jadawali, kuma shi ɗan'uwanka zai tarar a can.

To amma misalan littafin na Faransa ne. Jadawalin da ake fara koyo da shi jerin wasannin bidiyo ne da farashinsu. Damargu kuwa tana da nata rajistocin, waɗanda a kansu ake shari'a, wani lokacin har a zub da jini. Iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata ta ratsa wannan yanki, gonakin hatsi a kudu, makiyaya a arewa, kuma kowa ya san gonaki sun daɗe da tsallake ta. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin filaye, COFO, daga gunduma har ƙauye, don su rubuta gado da saye da aro da jingina, su kuma tsare burtali da mashaya. Yawancin wannan aiki a takarda yake, cikin kabad, inda gara da ruwan damina ba su san hatimi ba. Haka rasiɗin kasuwannin dabbobi irin na Bakin Birji, da kayen bankunan cimaka, da rajistar haihuwa a ƙananan hukumomin Gangara, Olelewa, Falanko, Tenhiya da Tarka. A nan aikin yake, ba a gina shafi mai walƙiya ga kamfanin da babu shi ba.

Matsalar ita ce babin da masu koyo suka fi gaggawar tsallakewa, wato tsara jadawali, shi ne wanda Damargu ta fi buƙata, kuma a nan littafin ba zai iya raka su har gida ba. Ɗauki suna. Mutum ɗaya ne Mahamadou a katin ɗan ƙasa, Mamane a rajistar lakwal, Mamman a bakin maƙwabta. Kwamfuta za ta ƙirga mutum uku da gona uku. A wani gefen kuma ƙauye ɗaya na iya samun Musa Abdu biyar. Ɗauki ranar haihuwa: gurbin kwanan wata a MySQL yana son shekara da wata da rana, alhali takardun iyayenmu da yawa cewa suke an haife su "wajajen" shekara kaza. Wanda bai yi tunani ba zai cika 1 ga Janairu, daga nan ƙiyasi ya zama gaskiya a hukumance. Ɗauki adireshi: wane unguwa za a rubuta wa Bafulatani ko Buzu da ke rani a wata rijiya, damina a wata ƙasa? In fom ya ƙi wucewa sai an cika gurbin, to an fitar da makiyayi daga rajista ba tare da kowa ya yi niyya ba. Hatsi ma da dami da tiya ake lissafa shi kafin a zo ga kilo. Har haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sukan koma alamar tambaya in ba a zaɓi tsarin UTF-8 tun farko ba.

Mu da muka yi jami'a da Faransanci mun saba ɗaukar fom a matsayin gaskiya, mutum kuma shi zai lanƙwasa ya shiga. Yaron Belbeji da ya san kasuwa da rijiya yana da abin da injiniyan Yamai ko na Faris ba shi da shi. A zamanin da ChatGPT ke rubuta layukan PHP cikin ƙiftawar ido, wannan sanin wuri shi ne jarinsa na gaske.

Sai batun wa zai biya. Tun watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, kuma aljihun ma'aikatun magajin gari dama can ba nauyi gare shi ba. Shirin ƙauyuka na zamani da hukumar ANSI ke jagoranta, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 100 a 2020, ya fi karkata ga kai layi da hada-hadar kuɗi ta waya. Ƙungiyoyin agaji kuwa da kayansu suke zuwa, irin KoboToolbox: a ɗauki matasan gari su cika tambayoyi a waya, bayanan su tafi, ƙaramar hukuma ta samu rahoto. Ranar da aikin ya ƙare, sau da yawa ba a san wanda zai ci gaba da biyan kuɗin ajiyar shafin ba. Ga kuma wuta. Yankewar lantarkin Najeriya a watan Agusta na 2023 ta nuna cewa duk tsarin da ba zai yi aiki ba sai da layi da wuta a kowane lokaci, bai dace da nan ba. Wanda ya dace shi ne mai aiki a kwamfutar ofis da faifan hasken rana, ya aika kwafi in layi ya samu.

Akwai haɗarin da ya fi waɗannan. Takardar gona tana ɗauke da dangwalen shaidu da hatimin mai gari. Wanda zai sauya ta sai ya sha wahala. A rumbun bayanan da ɗan koyo ya gina da gaggawa, duk mai kalmar sirri na iya sauya sunan mai gona cikin minti ɗaya, ba alama. Littafin yana koyar da yadda ake toshe kutse ta cikin fom da yadda ake ɓoye kalmar sirri, amma ajiye tarihin wanda ya sauya me, a wace rana, sai mai gini ya sa shi da kansa. Doka ma tana nan: ta 2022 kan kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Rajistar haihuwa ko ta marasa lafiya ba abin da za a ɗora a intanet don gwaji ba ne.

Saboda haka a ganina kada a fara da filaye. A fara da abin da kuskurensa ba ya kai mutane gaban alƙali: kayen bankin cimaka ɗaya, jerin ɗaliban sakandare ɗaya, farashin tiyar hatsi da na akuya ranar kasuwa. Kayen takarda ya ci gaba da tafiya tare da kwamfuta har damina biyu, a riƙa gwada su. Kuma kafin a rubuta layin farko, mai riƙon ƙaramar hukuma da sakataren COFO da mai gari su zauna su rubuta a takarda wanda zai riƙe kalmar sirri, da wanda za a miƙa wa ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.