Giris da Gandayen Ƙasar Illo: Tarihin da Ke Kwance a Gona

Ranar 14 ga Yuni, 1898, wakilan Ingila da na Faransa suka sa hannu a birnin Faris kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar Bargu gida biyu. Da suka zo faɗin inda layin iyaka zai taɓa Kogin Kwara, ba su kafa hujja da Gwandu ko Sakkwato ko Busa ba. Wani ƙaramin gari na bakin ruwa suka ambata, wato Giris, wanda suka bayyana da cewa shi ne tashar jiragen ruwan Illo. Suka ce a tsaya a tsakiyar garin a auna mil 10, kimanin kilomita 16, a miƙe zuwa sama ta gaɓar dama, inda awon ya ƙare nan ne iyaka. Yarjejeniyar 1906 ta zo ta ƙara fayyace layin, amma asalin turken yana nan. Ke nan duk wanda ya tsallaka daga Lolo ya nufi Madekali a Jamhuriyar Benin yau, yana tsallake layin da aka auna ne daga tsakiyar wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Bagudo.

Abin takaici shi ne wanda ya nemi Giris a rubuce-rubucen tarihin Kabi zai same shi ne a gefen zancen wasu: mashigin Illo, matsayar Turawan bincike, ko rabin sunan mazaɓar Lolo da Giris. Laifin yana ga yadda aka saba rubuta tarihin gari a sassan Hausa da na tarihi, inda kundi kan fara da wanda ya kafa gari, ya bi jerin sarakuna da shekarun da kowa ya yi, ya rufe da sana'o'i da bukukuwa. Wannan tsari ya dace da birni mai fada da tambari. Idan aka ɗora shi a kan ƙauye irin Giris, shafi uku ya ishe shi, sai a ɗauka ƙauyen ba shi da abin faɗi. Tarihin irin wannan wuri yana cikin ƙasarsa: wa ya sari wane daji, wa ke da wane gandu, wa ya noma shi, kuma hannun wa amfanin ya shiga.

Yanayin wurin ne ya fara tilasta wannan ra'ayi. Giris na gaɓar dama ta Kwara, gaɓar da masu jin Zabarmanci da Dandanci ke kira Gurma, suna kiran ɗaya gaɓar Hausa. Illo kanta ta ja baya daga ruwa, fadama ta shiga tsakaninta da kogi, shi ya sa take buƙatar tasha. Can ƙasa kaɗan, wajen Gwamba, Gulbin Kabi ya zubo cikin Kwara ɗauke da ruwan Rima da na Zamfara. Kogin a wannan yanki yakan cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa na damina mai ɗauke da laka, wanda ruwan saman yankin ke kawowa, akwai kuma baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu, bayan ya taso daga tsaunukan Gini ya ɓata watanni a fadamun Mali. Saboda haka fili guda kan zama gonar shinkafa a wani wata, wurin su a wani, makiyayar shanu idan ruwa ya janye. Manomi da Basarke da Bafillace duk suna iya cewa wurin nasu ne, kuma babu maƙaryaci a cikinsu, domin kowa da lokacinsa. A kan tudu, inda ake gero da dawa, nan ma ba lallai ne mai gona ya zama mai ɗorawa ko kaɗanyar da ke tsaye cikinta ba. Jerin sarakuna ba ya iya ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai batun fatauci. Ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro da ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja ta bi ta Jega, ta tsallake Kwara a yankin Illo, ta ratsa Kandi da Zugu, kafin ta kai Salaga. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan ciniki a littafinsa na 1980, kamar yadda Mahdi Adamu ya nuna yaɗuwar Hausawa ta waɗannan hanyoyi a nasa na 1978. Dukansu idonsu na kan ayari ne, kuma sun yi daidai da abin da suka sa gaba. Amma ayari mai ɗaruruwan mutane da jakuna, idan ya sauka bakin ruwa yana jiran fito, kwana yake yi yana ci. Dole a sami dawa da harawa da itace da masu tuƙa jirgi. Wannan abinci a gonakin da ke kewayen mashigi aka noma shi, da hannun wasu mutane, ƙarƙashin ikon wasu. Tambayar da ta kamata ɗalibin tarihin Giris ya fara da ita ke nan, tun kafin ya tambayi sunan sarki na fari.

Iko da wannan ƙasa ya sauya hannu fiye da sau ɗaya. Illo na cikin manyan garuruwan Bargu uku, tare da Busa da Nikki, waɗanda labarin baka ya danganta kafuwarsu da zuriyar Kisra. A ƙarni na 19 Gwandu ta sami wurin zama a hayin kogi ta Ka'oje, inda har yau ake kiran hakimi Sarkin Bargu. A 1897 Faransawa suka kafa sansani a Illo, yarjejeniyar 1898 ta fitar da su. Ba a daɗe ba, cikin shekarun farko na ƙarni na 20, Ingilishi suka yanke Illo da Ka'oje daga Bargu suka haɗa su da Masarautar Gwandu a Lardin Sakkwato, abin da Michael Crowder ya lissafa cikin ɓacin ran da ya gabaci tawayen Busa na 1915. Daga 1991 kuma yankin ya koma Jihar Kabi. Littattafai sun kawo waɗannan sauye-sauye a matsayin labarin sarauta. Ga mai gona, kowane sauyi na nufin sabon mai karɓar gaisuwa, sabon mai raba daji, sabon alƙalin da za a kai wa ƙarar iyaka.

A nan ne masanin Hausa ke da abin da masanin tarihi kaɗai ba shi da shi, wato kunnen rarrabe kalmomi. Gandu na iya zama babbar gonar gida da uba da 'ya'yansa ke nomawa tare, kowa na da gayaunarsa a gefe. Yana iya zama gonar da ke bin sarauta, wadda ake yi wa gayya, mai riƙon sarautar ya ci amfaninta muddin yana kan mulki, ba ta shiga gadonsa. Rinji ƙauyen bayi ne da aka kafa don noma. Tunga mazauni ne da wani ya fita ya kafa kusa da gonarsa ko wurin sunsa, sau da yawa ya bar sunansa a kai. Ruga ta makiyayi ce. Duk wanda ya dubi taswirar ƙasar Illo da Ka'oje zai ga yadda sunaye masu farawa da Tungan suka cika ta, kuma kowane ɗaya ƙaramin labari ne na wanda ya ba da izini da wanda ya karɓa. Ai ita kanta Gwandu, bisa labarin da ya shahara, daga gandun Kanta na Kabi ta samo suna. Gonar sarki ta zama hedikwatar rabin daula a hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, amma har yanzu ana ganin binciken gandu bai kai darajar kundi ba.

Akwai wata gajerar hanya da ya kamata a guje wa. Wasu masu rubutu da Ingilishi kan daidaita gandun sarauta da gidajen gonar iyayen ƙasa na Ingila ta da, inda ubangida ke da fili da kotu da talakawan da ke ɗaure da ƙasar. Kamar ta yi nisa. A can takarda ce ke riƙe da fili, kuma tun 1086 aka yi ƙidayar da ta rubuta wa ke da me. A nan daji na da yawa, hannu ne ke da wuya, don haka arzikin mai gandu na cikin yawan waɗanda zai iya fitarwa gona. Abin koyi daga Ingila shi ne naci. A 1899, shekara guda bayan an auna iyaka daga Giris, aka fara aikin Victoria County History, mai bin ƙauyukan ƙasar ɗaya bayan ɗaya yana rubuta yadda kowane gidan gona ya sauya hannu, kuma aikin bai ƙare ba har yau. Ƙasar da ta mai da ƙauyen wasu turken awo ta san darajar nata ƙauyukan.

Dokokin mulkin mallaka sun girgiza gandu ta wajen da ya fi rauni. Sanarwar 1901 ta 'yantar da duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, sannan aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Tsakanin waɗannan shekaru bayi da yawa a faɗin daular sun gudu, wasu sun fanshi kansu ta hanyar murgu, wasu sun zauna inda suke bisa sabon sharaɗi. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filaye a hannun Gwamna, ta 1978 ta sa su a hannun gwamnonin jihohi, tare da ba ƙananan hukumomi ikon filayen karkara. A wurin da iyaka ke nesa da tafiyar yini ɗaya, mai neman tsira daga haraji ko aikin tilas na da zaɓin da mutumin Kano ba shi da shi: ya haye ya koma hannun wani Bature. Shekarar kafuwar kowace tunga, idan an jera ta kusa da waɗannan shekaru, za ta faɗi abin da rahoton Di'o bai faɗa ba.

Lokaci kuwa ba ya jira, saboda harshen da aka ajiye wannan ilimi a cikinsa yana janyewa. Ƙasar Illo ta haɗa Busanci da Kyanganci da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, amma Hausa ce ke cinye kasuwa da makaranta da masallaci. Kyangawa mafi yawa sun koma Hausa, harshensu ya rage a 'yan ƙauyuka. Idan aka fassara sunan fadama zuwa Hausa, ko aka lanƙwasa shi har ya yi kama da kalmar Hausa, shaidar wanda ya fara zama a wurin ta tafi. Nauyin wannan na kan sassan Hausa fiye da kowa, tunda harshen da suke nazari ne ke shafe sawun. Kuma akwai tarko ga mai gaggawa. A Bargu, a ɓangarorin iyakar biyu, akwai jama'ar da ake kira Gando, masu jin Fulatanci, waɗanda tarihinsu ke haɗe da bauta. Kunnen Bahaushe zai ji gandu nan take, hannu ya yi saurin rubuta cewa daga nan sunan ya fito. Kamar sauti ba hujja ba ce sai an tambayi masu harshen Bargu abin da su suke ji a kalmar.

Ƙorafi mafi nauyi da za a yi wa wannan kira shi ne cewa tone-tone ne. Wanda ya tambayi wa ya noma gandun wane, ya taɓo asalin da wasu iyalai suka yi shekara ɗari suna binnewa, kuma shinkafa ta sa fadama ta yi tsadar da kundin ɗalibi zai iya zama takardar shaida a kotu. Wannan tsoro na da tushe, kuma duk malamin da ya tura ɗalibi ba tare da ya yi masa wannan gargaɗi ba ya yi sakaci. Sai dai shiru ma ba ya raba gardama. Idan dattawan da suka san iyakar farko suka ƙare, mai takarda da mai kuɗi ne za su faɗi tarihin, kuma wanda kakansa ya sari dajin shi zai fara rasawa. Ana iya rubuta tarihin fili ba tare da an ambaci zuriyar kowa ba: a ba da sunan wuri, da irin riƙon da aka yi masa, da zamanin da ya sauya, a ajiye sunayen iyalai a ma'ajiyar jami'a bisa yardar masu su.

Rabin shaidar kuma na hayin iyaka. Lokacin da aka rufe iyakokin Nijeriya a watan Agustan 2019, aka kuma hana kai man fetur cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, mutanen Lolo da Tsamiya sun ɗanɗana abin da layin 1898 ke nufi, alhali danginsu da kasuwanninsu na Malanbil da Segbana. Rahotannin ƙiyasin haraji na gundumar Illo a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna za a neme su, takwarorinsu na Dahome kuwa da Faransanci suke a Porto-Novo. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi da ya tsaya a Kaduna ya karanta shafi ɗaya ne na takarda mai fuska biyu. Abokin aikin da yake buƙata yana Jami'ar Paraku, kuma da wuya su rasa harshen da za su yi magana, tunda Hausa da Dandanci na tafiya a ɓangarorin biyu.

Aikin bai buƙatar kuɗi mai yawa. Ɗalibi ɗaya, ƙauye ɗaya, rani biyu. Ya zauna Giris lokacin da baƙin ruwa ya fara janyewa, ya bi sarkin noma da sarkin ruwa da arɗo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna masa fili guda ɗin da bakinsa, ya rubuta sunan wurin a kowane harshe da aka kira shi kafin ya tambayi ma'anarsa. Matsalar tsaro da ta kunno kai a dazukan iyaka ta riga ta sa wasu tungayen ba sa shiguwa da sauƙi, don haka na bakin kogi, daga Giris zuwa Lolo, su ne wurin farawa, kuma tsawonsu bai wuce mil 10 ɗin da aka auna ba.