'Yan Mata Biyu Na Tsibirin Bali Da Sha'anin Leda

A shekarar 2013, a tsibirin Bali na ƙasar Indunisiya, inda teku kan amayo leda da robobi a bisa gaɓa duk lokacin damina, wata yarinya mai shekara 12, Melati Wijsen, da ƙanwarta Isabel mai shekara 10, suka ƙudura niyyar ganin an haramta ledar nan da ake ɗaukar kaya da ita sau ɗaya a yar. Sun tsinci shara a bakin teku, sun zagaya makarantu suna faɗakarwa, amma ba su tsaya nan ba, sai suka fuskanci mahukunta: suka tara sa hannun jama'a har a filin jirgin sama, kuma da ganin gwamna ya faskara, suka daina cin abinci daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, har ya kira su ya yi musu alkawari. Alkawarin bai tabbata ba sai a 2019, a zamanin wani gwamnan, Wayan Koster, sa'ad da dokar hana ledar ta fara aiki.

Dattawanmu kan ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke, kuma da wannan magana ake sallamar matasa da yawa tun ba su gama bayani ba. To ga yara sun yi shekara shida a rana ba su narke ba, alhali manyan da amanar ƙasa ke wuyansu suna ta jinkiri.

Mu ma annobar ledar ba baƙuwarmu ba ce. Wanda duk ya ga yadda baƙar leda da ledar fiya wata ke toshe kwata har ruwan Agusta ya rasa hanya ya faɗa gidajen talakawa, ya ga sauron da ke hayayyafa a ruwan da ya kwanta, ya kuma ji mahauta suna ba da labarin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin akuya da saniya, dabbar da makiyayi ya yi ta kai wa dusa tana ramewa bai san illarta ba, lalle ya san cewa wannan fasadi ne a bayan ƙasa, kuma israfi ne a ƙera abin da zai daɗe bai ruɓe ba domin hidimar da ba ta wuce tafiya daga kasuwa zuwa gida. Samarin da ke fitowa ranar Asabar da shebur da baro suna yashe magudanai, Allah Ya saka musu, domin kawar da cuta daga hanya sadaka ce. Sai dai muddin masana'anta na fitar da leda dare da rana, mai shago kuma na ba da ita kyauta ko da ashana ka saya, aikinsu ba zai ƙare ba, shi ya sa nake ganin wajibi ne su kai ƙafarsu majalisa da ofishin gwamna, cikin ladabi da hujja da naci.

In sun je, kada su nemi doka tsurarta. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma ta ragu ƙwarai domin an tsaya kan hukunci. Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma har yau kasuwanninta na cike da leda. Bugu da ƙari, talaka bai rungumi fiya wata don sha'awa ba, famfonsa ne ya ƙafe, saboda haka adalci shi ne matasa su nemi a gyara ruwan famfo a cikin takardar da suke neman a hana ledar, su kuma nemi a tallafa wa masu saƙa kwando da masu ɗinka jakar yadi, domin mai zuwa cefane ya sami abin riƙewa tun kafin ranar da dokar za ta fara aiki.