Motar ta iso da ciwonta, garantin ya tsaya a Amurka

Daga ƙarshen Maris har zuwa saukar ruwan farko, masu gyaran esin mota suna cikin kakarsu. Duk garejin da ka leƙa a Kano ko Kaduna ko Sakkwato za ka tarar da motoci a jere, bakin kowacce a buɗe, kuma amsar da ake ba masu su ɗaya ce: "Alhaji, gas ne ya ƙare." A ɗura, a biya, a tafi da sanyi. Bayan mako uku a dawo da gumi. Abin da ba kasafai ake gaya wa Alhaji ba shi ne gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar fetur. Zagayawa kawai yake yi cikin rufaffun bututu. Idan ya ƙare cikin makonni, to akwai inda yake yoyo, kuma sau da yawa wannan yoyon yana da tarihin da ya girmi zuwan motar ƙasar nan.

Zan ɗauki mota ɗaya misali, wato Honda Civic. Ba don na tsane ta ba. Ƙaramar mota ce mai ƙarko da tattalin mai, kuma matasan ma'aikata da 'yan kasuwarmu suna sonta da hujja. Na zaɓe ta ne saboda koke-koken masu ita a Amurka a rubuce suke, kuma amsar da kamfanin ya bayar ita ma a rubuce take.

Ƙirar da ta fito a 2016 ta shigo kasuwa da kirari, har ta ci kyautar gwarzuwar motar shekara ta Arewacin Amurka. A shekarar kaɗai an sayar da sama da 360,000 a Amurka. Ba ta daɗe a titi ba Honda ta kira kusan 42,000 masu inji mai lita 2.0 su dawo, saboda wani ɗan zoben da ke riƙe fil ɗin fistin, wanda a wasu injuna ba a sa shi daidai ba, a wasu ma ba a sa ba sam. Wannan an gama da shi da wuri. Lahanin esi ne ya ja lokaci. Mutum ya sayi sabuwar mota, shekara biyu ko uku esi ya fara hura iska mai ɗumi, sau da yawa daidai lokacin da garantin shekara uku ya ƙare. Ya je wurin dila a ce masa kwandansa ce ta huje, wataƙila tsakuwa ce ta buge ta a hanya, sai ya biya daga aljihunsa. Kowa ya ɗauka shi kaɗai tsautsayin ya faɗa wa.

Sai dai a can akwai wurin da ake tara irin wannan ƙorafi. Hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, tana karɓar koke daga duk mai mota, ta ajiye shi da sunan ƙira da shekara, kuma kowa yana iya karantawa kyauta. Da mai mota a Texas ya ga labarinsa sak a bakin wani a Florida da wani a Arizona, zancen tsakuwa ya fara rauni. Lauyoyi suka shiga, aka shigar da ƙararraki na taron dangi. A 2019 Honda ta amsa cewa kwandansar wasu motocin 2016 zuwa 2018 ba a ƙera ta yadda ya kamata ba, tana yin ƙananan huji gas ya tsere, ta kuma tsawaita garantin wannan sashe zuwa shekara 10 ba tare da iyakar tafiya ba. Daga baya ta yi irin wannan tsawaitawa a kan robar da ke toshe bakin sandar kwamfiresa. Wanda ya riga ya biya kuɗin gyara yana iya neman a mayar masa, idan ya ajiye rasit.

Ku lura, ba a kira motocin su dawo ba a kan esi. Dokar tsaron motoci ta Amurka ta tilasta kiranye ne kawai idan lahani ya shafi rai ko ƙa'idar tsaro, su kuwa a wurinsu esi jin daɗi ne. Wanda ya rubuta wannan doka bai taɓa maƙalewa a cunkoson Kurna da azahar a watan Afrilu ba, da jariri a kujerar baya, zafi ya haura digiri 40.

Wannan ƙira tana da wata matsalar a inji mai lita 1.5 mai turbo, kuma ita ta fi ban sha'awa, don a nan ne labarin yake juyewa idan ya zo wurinmu. Irin wannan inji yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Idan injin bai yi zafi sosai ba, wani ɓangare na fetur ɗin ba ya ƙonewa, sai ya silale ta gefen fistin ya gangara cikin baƙin mai. A injin da ya ɗau zafi, fetur ɗin yakan tashi ya koma a ƙone shi. A injin da kullum gajeriyar tafiya yake yi cikin sanyi, taruwa yake. Masu motoci suka fara ganin abin mamaki: su zaro sandar awon mai su ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ga warin fetur har cikin mota. Baƙin man da fetur ya tsinka kuwa ba ya kare ƙarfe daga ƙarfe.

A arewacin Sin, inda sanyi ke daskarar da koguna, abin ya fara fashewa. A watan Fabrairun 2018 Honda ta ce za ta kira motoci kusan 350,000, CR-V da Civic. Hukumar kula da ingancin kaya ta Sin ta duba shirin ta ce bai isa ba, har kamfanin ya dakatar da sayar da CR-V a ƙasar na wani lokaci. A Amurka an fara gyaran ne da jihohi masu sanyi, aka sabunta manhajar kwamfutar inji, aka juye mai, sannan a 2019 aka tsawaita garantin wasu sassan injin zuwa shekara shida. Matsayin Honda shi ne matsalar ta masu gajeriyar tafiya ce cikin matsanancin sanyi, kuma a ganina akwai gaskiya a wannan.

To mu da ba mu san ƙanƙara ba sai a firji, ina ruwanmu? Ruwanmu biyu ne. Na farko, motar da ta yi shekara biyar a Minnesota ko Ontario tana yawo da tsinkakken mai ta riga ta ci abin da ta ci kafin ta hau jirgi. Fenti da man goge taya ba sa nuna wannan. Na biyu kuma ya fi ba ni haushi, domin da hannunmu muke yi. Al'ada ce a garejinmu, da mota ta sauka a ce da mai ita, "Oga, wannan na ƙasar sanyi ne," a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa. Idan an cire shi, injin yakan daɗe bai kai wannan zafi ba, musamman da safiyar hunturu ko a gajeriyar tafiya daga gida zuwa ofis. Ma'ana, yanayin da ya jawo wa mutanen arewacin Sin matsala, bakanike ya ƙirƙiro maka shi a Zariya, kuma ka biya shi ladan aiki. Sannan a ɗura mata mai kauri 20W-50 alhali a murfin an rubuta 0W-20, a cika lagireto da ruwan rijiya. In injin ya buga a ce motocin zamani ba su da ƙarko.

Ban ɗora wa bakanike laifin duka ba. Yawancinsu sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504 da tsofaffin Toyota masu kafireto, injunan da ke yafe kusan komai. Ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu takardun da kamfani ke aika wa dilolinsa a kan kowace ƙira. Ko gas ɗin esi ma ya canza. Civic ta 2016 tana amfani da R-1234yf, wanda ya ninka tsohon R-134a tsada, kuma da gangan aka bambanta bakin bututunsu don kada a haɗa. A nan sai a nemo abin haɗi a ɗura mai araha, ba tare da an nemi hujin ba. Mai mota ma ya fi son jin "gas ne" a kan jin "sai an sauke dashbod," don haka kowa ya samu abin da yake so, na mako uku.

Wannan ba shi ne karo na farko da Civic ta fito daga masana'anta da lahani ba. Civic ta 2006 zuwa farkon 2009, wadda ta cika titunanmu, tana da nata tabon: gangar injin wasunsu takan tsage, ruwa ya tsiyaye, mota ta tafasa. Honda ta tsawaita garantin gangar zuwa shekara takwas, daga baya ta mai da shi goma, tana sauya wa mutane kyauta. Mutum nawa ne a nan suka sauya gasket sau biyu, suka zagi bakanike, suka tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wani injin, ba su taɓa jin cewa kamfanin da kansa ya amsa wannan lahani ba?

Ko da sun ji, ba abin da za su samu. Irin wannan garanti a hannun dilolin Honda na can ake cin moriyarsa. Ƙari a kan haka, takardun tsawaitawar sun cire duk motar da kamfanin inshora ya taɓa yanke wa hukuncin asara aka yi gwanjonta. Kowa kuwa ya san kaso mai yawa na motocin da ke sauka a Tin Can da Kwatano daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa. Galibi gaba suka daka, kuma kwandansa ita ce a sahun gaba, bayan ragar hanci. Don haka ko wadda aka ƙera lafiya, tana iya zuwa a lanƙwashe a miƙe ta da guduma.

Na san abin da dillalan mota za su ce, kuma ba shirme ba ne. Za su ce da ba don gwanjon ba, malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa ba zai hau motar da ba ta kai shekara goma ba. Araha tana da dalili, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na yarda, in dai ya san rariya ya saya. Amma wanda aka ce wa "wata tsohuwa ce ta hau ta, coci kawai take zuwa da ita" bai sani ba. Abin dariyar ma, a injin nan mai turbo, tsohuwar da ke gajeriyar tafiya cikin sanyi ita ce mafi munin mai mota da za ka gada.

Haka kuma ba na cewa a ɗauki kowane koke a matsayin hukunci. Wanda motarsa ke lafiya ba ya rubuta wa hukuma wasiƙa. Koke ɗari a kan ƙirar da aka sayar da guda dubu ɗari uku ba ya nufin taka za ta lalace. Amfanin koken shi ne ya nuna maka inda za ka haska tocila. Idan mutane da yawa da ba su san juna ba sun ambaci sashe ɗaya, a shekara ɗaya, da alamu iri ɗaya, to wannan sashen ne za ka sa a duba kafin kuɗi su bar hannunka.

Abin da ya fi damuna shi ne namu koken ba ya taruwa a ko'ina. A majalisa ake yin sa, ko a ƙarƙashin bishiyar gareji, a ce Allah ya mayar da alheri, a tashi. Alhali ilimin yana nan. Tsohon bakanike a Apo ko Ladipo zai iya lissafa maka ciwon kowace ƙira da ka, har da waɗanda Amurkawa ba su sani ba saboda ba su da ƙurarmu da man da muke sha. Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Muna da NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, wadda take shirya wa makanikai horo. Makanikan su ma suna da ƙungiyarsu, NATA. Ba abu ne mai wuya ba waɗannan uku su buɗe rajista ɗaya, da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci, inda mai mota ko bakanike zai shigar da ƙira da shekara da abin da ya lalace. Kuma ya kamata a wajabta wa mai sayar da mota ya rubuta a takardar ciniki ko daga gwanjon haɗari ta fito. Wannan ba zai ƙara wa mota ko kwabo ba, sai dai ya rage wa wasu riba.

Kafin a kai can, abin da ke hannun mai saye ba kaɗan ba ne. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba. A shafin NHTSA ana sa wannan lamba kyauta a ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba, kuma sau da yawa idan ka nemi lambar a intanet hotunan motar a filin gwanjo za su fito, da fuskarta kafin a yi mata kwalliya. Ka zaro sandar mai ka shinshina. Ka tambaya ko tamostat yana nan. Esi kuma kada ka yarda da sanyin ranar ciniki, don gas ɗin da aka ɗura da safe zai kai yamma. A sa na'urar awon matsi, ko a zuba kalar gano yoyo a haska.

Garantin kwandansa na motocin da aka saya a 2016 yana cika a 2026, na 2018 kuma a 2028. Daga nan duk Ba'amurken da esinsa ya mutu zai auna kuɗin gyara da kuɗin motar, kuma da yawa za su zaɓi su rabu da ita. Waɗannan motoci jirgi za su hau, kuma Legas da Kwatano suna cikin tashoshin da za su sauka.