Wasiƙa Zuwa ga Masu Sana'ar Kunun Zaƙi a Shinkafi

Zuwa ga iyayena mata da ƙannena masu dama kunun zaƙi na sayarwa, tun ba ma sababbin shiga ba, daga cikin garin Shinkafi har Jangeru da Badarawa.

Maƙasudin wannan takarda tsiro ne, domin duk wadda ta jiƙa hatsi ta bar shi ya tsira, ta shanya ta niƙa don kununta ya tsinke ya yi zaƙi, ko ta sani ko ba ta sani ba, ta bi farkon hanyar da masu dafa burkutu ke bi, kuma abin da ya raba halal ɗinta da haramun ɗinsu galibi tsawon kwanan da aka bar abin ya yi ne. Hikimar kuwa ita ce, ƙwaya idan ta fara tsira takan fitar da wani sinadari mai mayar da sitacin ƙullu sukari, sa'an nan wasu halittu da ido ba ya gani su faɗa wa sukarin, na farko su kawo ɗan tsamin nan da ake so, na bayansu kuma, in aka ba su dama, su juya shi barasa. Louis Pasteur, masanin Faransa, ya yi bayanin aikin masu kawo tsamin tun 1857, amma fuƙaha'u sun riga shi lura da sakamakon, shi ya sa Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo hani a kan jiƙa abin sha cikin duma, malamai kuma suka ce illar ita ce saurin juyawa. Jihar Zamfara ta hana giya a hukumance tun 2000, amma tukunyar da ke bayan ɗaki ba ta da mai duba ta sai mai ita.

To, a fara da awo. Ranar Alhamis da kasuwa ta cika, kada arahar tiya ta ja ku. Ku damƙi geron ku shaƙa, in kuka ji warin fumfuna ko kuka ga garin ƙwari a tafin hannu, ku wuce. Hatsin da aka shafa wa jan maganin shuka kuwa guba ne, ko kyauta aka ba ku kada ya shiga madafa. Na tsiro, ko shanshera ce ko dawa, sai cikakkiyar ƙwaya wadda ba ta tsufa a rumbu ba, domin matacciyar ƙwaya ruɓewa take yi. Citta daga ƙasar Kaciya take zuwa, kanumfari kuma har daga Zanzibar, ga wahalar hanya a 'yan shekarun nan, saboda haka tsadarsu ba abin mamaki ba ce. Ku saye su ɗungurungum ku daka da kanku, tare da masoro da busasshen dankali, don garin da aka ƙulla a leda ba a san abin da ke cikinsa ba.

A jiƙa ƙwayar ta kwana, a tsane ta, a baza kan jiƙaƙƙen buhu a inuwa a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma, bayan kwana uku ko huɗu a shanya ta bushe ƙayau. Mai yi da dawa lalle ne ta murje saiwa da tohon ta sheƙe su, domin dafin nan da ke kashe dabba idan ta ci gyauro yana cikinsu. Wajen haɗi kuma a raba ƙullu biyu, a dama kashi mai yawa da tafasasshen ruwa, a saurara zafin ya ɗan sauka kafin a zuba ɗanyen da ke ɗauke da tsiron, gama tafasa tana kashe ƙarfinsa, kuma nan ne mafi yawan masu koyo kan rasa zaƙi har su koma ga sakarin.

Wanda aka haɗa da magariba a tace shi da asuba, a sayar a yinin. A watannin bazara, lokacin da zafin ƙasarmu kan wuce digiri 40, kunun da ba ya cikin ƙanƙara kan fara sauya hali kafin la'asar, kuma alamominsa a bayyane suke: gora ta kumbura, murfi ya yi huci idan an kwance, kumfa ta taso, ya riƙa cizon harshe. Na san asarar tiya guda ba ƙaramin abu ba ce ga mai marayu, amma haɗa kwantai da sabo ha'inci ne, kuma yana saurin juya sabon ma, tun da halittun nan sun riga sun yi yawa a cikinsa. Ina roƙonku, don Allah, ku dama gwargwadon abin da za ku iya sayarwa, wanda ya yi kumfa kuma ku zubar.

Wassalam.