Wa'adin Kwana 21 ga Ƙaramar Hukuma kan Ramukan Hanya da Diyyar Motoci

Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma. Kwafi ga Majalisar Kansiloli, Shugaban Sashen Ayyuka, Baturen 'Yan Sanda da Mai Girma Hakimi.



Ƙungiyarmu ta direbobi da masu motocin haya, da 'yan a-daidaita-sahu da masu akori-kura, ta zauna ta yanke shawara. Wannan takarda ita ce ta ƙarshe kafin mataki.

Kafin damina mun rubuto, bayan damina mun sake rubutowa. An yi zama, an ɗauki alkawari, aka zuba jar ƙasa a wasu ramukan, ruwan farko ya wanke ta. Membobinmu da taya ta fashe musu, ko sifirin ya karye, ko mota ta kife da kaya, sun kai koke da rasit ɗin bakanike. Amsar ɗaya ce: fayil yana kan tebur.

Ba hanyoyin tarayya muke magana a kai ba, waɗannan na hukumar FERMA ne. Ba kuma na jiha ba. Muna magana kan titunan cikin gari, da hanyoyin kasuwa, da waɗanda suka shiga ƙauyuka. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su. Jadawalin nan dai shi ya ba ta iko da tashoshin mota, inda ma'aikatanku ke yanka mana tikiti kowace safiya ba fashi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Rashin kuɗi ba hujja ba ce a wurinmu. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yi hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye. In kuɗin yana shigowa, a nuna abin da aka kashe wa hanya. In ba ya shigowa, a faɗa wa jama'a a rubuce.

Ga buƙatunmu, kuma lissafin kwanaki zai fara ne daga ranar da aka sa hannu a kan karɓar wannan takarda:

1. Cikin kwana 7, Sashen Ayyuka da wakilanmu su zaga tare, a rubuta kowane rami da kowane kwalbatin da ya rufta, a kafa alamar gargaɗi a wuraren da suka fi haɗari.

2. Cikin kwana 14, a liƙa jadawalin gyara a sakatariya da kowace tasha, ɗauke da sunan hanya, sunan ɗan kwangila, kuɗin aiki da ranar gamawa.

3. Cikin kwana 21, a fara aiki a hanyoyin kasuwa. A yashe magudana tukuna, domin ruwan da ya kwanta shi ke cin kwalta ta ƙarƙashi. A yanke bakin rami, a zuba tsakuwa, a danne, a rufe da kwalta. Ba za mu lissafa zuba ƙasa a matsayin gyara ba.

4. A ware jami'i guda mai karɓar koken diyya. Duk wanda ya kawo hoto, da shaida, da rasit, a ba shi lambar koke nan take, a amsa masa a rubuce cikin kwana 30: an biya, ko an ƙi da dalili.

5. A ba mu lissafin kuɗin tasha na shekarar da ta wuce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa irin wannan buƙata.

Mun san abin da jan ƙafa kan diyya yake jawowa. Dokar kare jami'an gwamnati ta ƙayyade wata uku na shigar da ƙara, wanda ya zauna jiran fayil kuwa zai wayi gari lokacinsa ya wuce. Daga yau lauyanmu zai riƙa miƙa takardar niyyar ƙara tare da kowane koke.

Idan kwana 21 suka cika ba a fara aiki ba, matakanmu uku ne. Za mu daina lodi a duk tashoshin ƙaramar hukuma, farawa daga ranar kasuwa ta farko bayan wa'adi. Motar da ba ta shiga tasha ba, ba a yanka mata tikiti. Za mu tattara koke-koken diyya mu kai Babbar Kotun Jiha. Za mu kuma miƙa jerin ramukan da amsoshinku ga Majalisar Dokokin Jiha da gidajen rediyo.

Ba za mu tare hanya ba, ba za mu taɓa ma'aikaci ko dukiyar hukuma ba. Motocin ɗaukar marasa lafiya da masu haihuwa za su ci gaba da aiki. Asarar kuɗin shiga da tsaikon kayan gona kuwa, alhakinsu yana wuyan wanda ya bar wa'adi ya cika.

Za mu halarci zama idan jadawalin gyara ne a kan tebur. Wa'adin ba zai ƙaru da kwana ko ɗaya ba.

Shugaba da Sakatare,
a madadin dukkan membobi.